Ƙungiyar Tamaula ta Katsina United, da Rabon Ƙasar Daura a Cikinta

Babu wani gari a ƙasar Daura, tun daga birni har Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, wanda mutum zai shiga bayan la'asar bai iske samari sun kafa duwatsu biyu a fili suna buga tamaula ba. Amma in ka tsai da ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi wace ƙungiya ya ke so, sai ya kira maka sunan wata ta Ingila ko ta Sifen, ya lissafa maka 'yan wasanta goma sha ɗaya har da waɗanda su ke zaune a benci. In kuwa ka ce masa, "To, ta jiharmu fa, sau nawa ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale?" sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Laifin ba na yaron ba ne, domin ba wanda ya gaya masa. Saboda haka na ga ya kamata a shimfiɗa wa malaman makaranta da akawuna labarin Katsina United, su da ke da alli da alƙalami a hannu, ko su isar da shi ga na baya.

YADDA TAMAULA TA SHIGO

Tamaula baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Abin da kakanninmu suka sani shi ne dambe da kokawa da langa, sarakuna kuwa da sukuwa. Turawa ne suka zo da ita, ta shigo Arewa ta ƙofa biyu. Ta farko hanyar jirgin ƙasa ce, wadda ta iso Kano a 1911, ta kawo akawuna da ma'aikata daga Kudu waɗanda suka riga suka saba da wasan. Ta biyu kuwa ƙofar makaranta ce, a nan kuma Katsina tana da abin faɗi. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horad da malamai, wadda ta yaye irin su Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam, da Isa Kaita. A wannan kwaleji wasa yana cikin tsarin yini kamar yadda lissafi ya ke ciki, ba a barin yaro ya kwanta a ɗaki da yamma. Malaman da ta yaye suka bazu cikin larduna, kowa ya tafi da wannan tarbiyya makarantar Midil ko ta elemantare da aka tura shi. Ta haka ƙwallo ya isa garuruwan da jirgin ƙasa bai taɓa zuwa ba, har da namu.

Ko da ya ke haka ne, sunan da birnin Katsina ya fara yi a fagen wasa a kan doki ya yi shi. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ƙwallon dawaki a can, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da a ke labari har ƙasashen waje. Tamaula ta daɗe tana matsayin wasan 'yan makaranta da ƙananan ma'aikata.

A 1945 Gwamna Richards ya ba da wani kofi a Ikko, aka sa masa suna Kofin Gwamna, shi ne daga baya ya zama Kofin Ƙalubale. Ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa, Marine, ita ta fara ɗaukarsa. In mutum ya duba sunayen ƙungiyoyin wancan zamani zai ga yawancinsu sunayen ma'aikatu ne: Reluwe, 'Yan Sanda, banki, kamfanin lantarki. Ɗan wasa da safe akawu ne ko makaniki, da la'asar ya cire rigar aiki ya shiga fili. Albashinsa na ofis ne, abin da wasa ya ke jawo masa bai wuce ɗan kuɗin sabulu ba, da iznin tashi da wuri ranar motsa jiki, wani lokaci kuma ƙarin girma in ya faranta wa manaja rai. Irin waɗannan mutane ne suka tafi Ingila da sunan Nijeriya a 1949, yawancinsu suka yi wasa ba takalmi, Turawa suka yi ta mamaki.

A 1953 'yan wasan Kano suka je Ikko suka ci Dynamos biyu da ɗaya, suka zo da kofin Arewa karo na farko. Daga nan sai aka shiga dogon fari, kofin bai sake haurowa ba sai bayan shekara 36, da BCC Lions ta Gboko ta ɗauke shi a 1989. A tsakanin nan mutanen Jos sun sha zuwa wasan ƙarshe suna komowa hannu wofi. Wanda tsofaffi ba su manta ba shi ne na 1972, da Mighty Jets ta yi kunnen doki da Bendel Insurance a Ikko, aka sake wasan a Badun, ta faɗi uku da biyu. Amma a wajen gasar lig ta ƙasa, wadda aka fara a 1972 ɗin, Mighty Jets ce ta fara ɗauka, Raccah Rovers ta Kano kuma ta ɗauka a 1978. A 1988 Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu. Duk wannan lokaci mutumin Katsina da na Daura ɗan kallo ne, sai dai ya kasa kunne ga rediyo ya goyi bayan maƙwabta.

A 1990 aka kafa lig ta masu sana'a, watau aka ce daga yau tamaula aiki ce, ɗan wasa ya sa hannu a takardar yarjejeniya, ya ci abinci da ƙafarsa. A takarda haka ne. A zahiri kuwa, musamman a rukunonin ƙasa, yaro da yawa har yau rabinsa ɗan wasa ne, rabinsa tela ko ɗan acaɓa, domin albashin da ba ya zuwa kan kari ba ya riƙe gida.

WASAN ƘARSHE UKU A JERE

Ran 23 ga Satumba, 1987, gwamnatin Janar Babangida ta cire Jihar Katsina daga cikin Jihar Kaduna, aka haɗa masarautar Katsina da ta Daura a ƙarƙashin tuta guda. Sabuwar jiha kamar sabuwar amarya ce, tana son ta ga kome nata na kanta, daga sakatariya har gidan rediyo. Tamaula ma ba a bar ta a baya ba. A 1994, zamanin da Kyaftin Emmanuel Acholonu na sojan ruwa ya ke riƙe da jihar, aka kafa Katsina United. Shekarar kuwa ta dace, domin a cikinta ne Nijeriya ta ɗauki Kofin Afirka a Tunisiya, a cikinta ne kuma ta fara zuwa Kofin Duniya a Amurka, ƙasa duk ta ɗauki zafin ƙwallo.

Abin da ya biyo baya sai a tsaya a dube shi da kyau, domin shi ne kan labarin. Kofin Ƙalubale ba kamar lig ba ne, inda in ka faɗi yau ka rama mako mai zuwa. Shi sau ɗaya a ke faɗuwa. Sai ƙungiya ta fito daga jiharta tukuna, sa'an nan ta shiga cikin zakarun sauran jihohi, ana tankaɗe ana rairaya har a bar biyu. Ƙungiya mai shekara ɗaya da haihuwa, in ta kai tsakiyar wannan hanya ma an yaba mata. To, Katsina United ta kai wasan ƙarshe a 1995, ta koma a 1996, ta sake komawa a 1997.

Duk ukun kuwa ba ta ɗauki kofin ba. A 1995 Shooting Stars ta Badun ta ci ta biyu da nema. A 1996 Julius Berger ta Ikko ta ci ta ɗaya da nema, a 1997 kuma BCC Lions ta ci ta ɗaya da nema.

Kafin wani ya taɓe baki, sai ya san su wane ne waɗannan uku. Shooting Stars ita ce ƙungiyar Nijeriya ta farko da ta ɗauko kofin Afirka, tun a 1976. A 1995 ɗin nan ta haɗa lig da Kofin Ƙalubale duka biyu, da shekara ta kewayo kuma ta kai wasan ƙarshe na zakarun Afirka, Zamalek ta Masar ba ta iya raba ta da kofin ba sai da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Julius Berger kuwa babban kamfanin gine-gine ne a bayanta, ta ɗauki lig a 1991, ta kai wasan ƙarshe na wani kofin Afirka a 1995. BCC Lions ta kamfanin siminti ce, ta ɗauko kofin Afirka a 1990, ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1989 da 1993 da 1994, watau hanyar ta zame mata ta zuwa gona. Da irin waɗannan ƙarti ne yaran Katsina suka yi ta karo.

Har yanzu akwai masu cewa rashin sa'a ne, akwai ma masu cewa an yi wa ƙungiyar wani abu. Ni dai ina ganin lissafin da kansa ya ba da amsa. A wasa uku ƙwallo huɗu kaɗai aka jefa mata, wannan shaida ce bayanta yana da ƙarfi, mai tsaron gida da masu tare masa sun san aikinsu. Amma a wasa ukun nan ko ƙwallo ɗaya ba ta jefa ba. Ƙungiyar da ta iya tsare gida tana iya kai wa wasan ƙarshe, domin a irin wannan gasa wanda ba a ci shi ba ba ya fita da wuri. Ɗaukar kofin kuwa sai da mutum ɗaya ko biyu a gaba waɗanda hankalinsu ba ya tashi in sun ga raga da taron mutane. Irin waɗannan 'yan wasa su ne mafi tsada, su ne kuma manyan ƙungiyoyi su ke fara saye. Ba na jin akwai wani asiri da ya wuce wannan.

Duk da haka faɗuwar 1995 ta zo da alheri. Da ya ke Shooting Stars ta tafi gasar zakaru, sai gurbin Nijeriya a kofin masu riƙe da kofuna ya faɗo wa wadda ta zo ta biyu. Ta haka a 1996 Katsina United, tana da shekara biyu, ta ɗauki tutar Nijeriya ta fita wajen ƙasa. Ta sake samun irin wannan daraja a 2001, a gasar Kofin CAF, saboda matsayin da ta samu a lig ta shekarar 2000. Ku malamai, in kuna koyar da labarin ƙasa kuka zo kan Afirka, ga abin da za ku jawo hankalin yara da shi.

SHEKARUN DUHU DA KOMOWA

Bayan wannan sai rana ta yi sanyi. Ƙungiyar ta faɗo daga rukuni na ɗaya, aka daina jin ɗuriyarta, har sunan ma ya ɓace, aka koma kiran ƙungiyar jihar Spotlight. Ta yi shekara goma sha tana fama a rukuni na biyu. Wanda bai san wannan rukuni ba ba zai gane wahalarsa ba: fili mara ciyawa, doguwar tafiya cikin mota guda, kwana a masaukin da ya samu, 'yan kallo kaɗan, jarida kuma ba ta ko waiwaye. A daidai waɗannan shekaru ne gidajen kallon ƙwallo suka cika garuruwanmu, yaro ya biya 'yan kuɗi kaɗan ya zauna a benci ya ga Landan da Madrid a bango. Waɗanda aka haifa a lokacin sun tashi ba su taɓa ganin ƙungiyar jiharsu ta kara da wata babba ba. Don me za a yi mamaki in ba su san ta ba?

A zamanin Gwamna Ibrahim Shema aka gina babban filin wasa na Karkanda a Katsina, mai ɗaukar mutum wajen 35,000. Da Gwamna Aminu Bello Masari ya hau a 2015, aka mai da wa ƙungiyar sunanta na asali, aka kuma sa wa filin sunan Sarki Muhammadu Dikko. A ƙarshen kakar 2016 Katsina United ta haura rukuni na ɗaya, tare da ABS ta Ilori, da Gombe United, da Remo Stars.

Shekarar 2017 ta cancanci a rubuta ta kusa da waɗancan ukun, ko da ya ke ba kofi a cikinta. Ƙungiya ashirin ce a rukunin, kowace ta yi wasa 38, rabi a gida rabi a waje, huɗu na ƙasa su faɗi. Daga Katsina zuwa Fatakwal ko Uyo tafiyar ta haura kilomita 1,000, kowa kuma ya san a lig ɗin Nijeriya cin wasa a gidan wani abu ne mai wuyar gaske. Da aka rufe littafi a ƙarshen shekara, cikin huɗun da suka hau tare uku sun koma inda suka fito. Katsina United kaɗai ta tsaya. Ta huɗun da ta cika adadin masu faɗuwa kuwa ita ce Shooting Stars, wadda ta hana mu kofi a 1995. A 2018 kuma ƙungiyar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin, Kano Pillars ta fitar da ita da bugun daga kai sai mai tsaron gida.

A 2022 ta sake faɗuwa, ita da Kano Pillars da Heartland da MFM. Wannan karo ba ta daɗe ba, a 2023 ta komo, ta kuma gama kakar 2023/24 da ta 2024/25 ba ta zame ba.

ABIN KUNYA

Ba zai yiwu a ba da wannan labari a tsallake halin 'yan kallo ba. A watan Afrilu na 2017, bayan wasa da Enyimba a Katsina, rikici ya tashi, aka jefi motar baƙi, hukumar lig ta hukunta Katsina United. A watan Afrilu na 2022 kuma abin ya juyo kanta a Kano, aka tashi wasa ba a gama ba, aka farfasa motar 'yan wasanta, hukuma ta ci Kano Pillars tara, ta rage mata maki, ta kore ta daga filinta. A ƙarshen wannan shekara duka biyun suka faɗi tare. Kano da Katsina da Daura 'yan'uwa ne tun zamanin Hausa Bakwai, ga auratayya, ga ciniki, amma a ce saboda fata mai iska a ciki ana fasa wa juna kai!

Masu jifan nan suna zaton ƙungiya su ke taimako. Su sani tarar da a ke ci daga baitulmalin jiha ta ke fita, watau daga kuɗin da za a sayi benci da alli. In an kori ƙungiya zuwa wani gari kuma, mai sai da ruwa da mai tsire da mai gyaɗa na bakin fili su ne farkon masu asara. Mafi muni, dattijo mai mutunci ba zai ɗauki ɗansa ya kai shi inda a ke jifa ba, fili kuwa in masu mutunci suka ƙaurace masa sai ya zama na 'yan tasha. Yaron da ya koyi a makaranta cewa in alƙalin wasa ya busa an gama magana, ya kuma koyi miƙa wa wanda ya ci shi hannu, da wuya ya girma ya ɗauki dutse. Wannan darasi a firamare a ke koyar da shi, ba ɗan sanda ne zai koyar da shi a bakin ƙofar fili ba.

WA ZAI RIƘE TA?

Katsina United ta gwamnatin jiha ce, daga can abincinta ya ke fitowa. Wanda ya bi labarin da na bayar zai lura ƙarfinta yana tafiya da sha'awar wanda ke kan kujera: in ya so ƙwallo ta tashi, in hankalinsa yana wani wuri ta kwanta. Saboda haka wasu su ke cewa gwamnati ta sake ta, a miƙa wa 'yan kasuwa. Maganar tana da daɗin ji, amma sai a dubi abin da ya sami ukun nan da suka ci mu. Julius Berger da BCC Lions, waɗanda kamfani ya riƙe, duk sun ɓace daga rukuni na ɗaya da kamfanonin suka janye hannu. Shooting Stars, wadda gwamnatin Oyo ta ke riƙe da ita, ta faɗi ta tashi, ba ta mutu ba. Raccah Rovers ta tafi. Leventis United da Abiola Babes, waɗanda suka gagari kowa a tsakiyar shekarun 1980, rana ɗaya masu su suka rufe su. Enyimba kuwa, wadda ta ɗauko kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, ta gwamnatin Abiya ce.

A ɗaya gefen kuma ga Remo Stars, wadda muka hau tare a 2016 ta faɗi a 2017. Ta mutum ɗaya ce, Kunle Soname, a wani ƙaramin gari, Ikenne, cikin Jihar Ogun. Ta koma ta gina filinta, ta kafa makarantar renon yara 'yan wasa, a 2025 ta ɗauki lig ɗin Nijeriya. Abin da na gani a nan shi ne, ko gwamnati ce ta riƙe ko attajiri, ƙungiyar da ta ke sayen 'yan wasa kowace shekara daga nesa, su yi kaka ɗaya su wuce, kullum a hannun mai ba da kuɗi ranta ya ke. Wadda ta ke renon nata kuwa tana da abin sayarwa in kuɗi ya yanke, tana kuma da jama'ar da za su tsaya mata, domin 'ya'yansu ne a cikin rigar. Mutumin Zango zai hau mota ya yi tafiyar Katsina ya biya kuɗin ƙofa in ya san ɗan unguwarsu ne zai tsare gida. Ba zai yi haka don baƙon da bai iya kiran sunansa ba.

RABON DAURA

To, a nan ne magana ta iso ƙofar gidanmu. Sunan ƙungiyar yana nufin Katsina a haɗe, masarautar Daura kuwa ɗaya ce cikin biyun da suka haɗu suka yi jihar, da ƙananan hukumomi biyar, harajinmu yana cikin abin da a ke ciyar da ita. Daga Daura zuwa Katsina bai wuce tafiyar kilomita 80 ba. Amma wace hanya ce yaron da ya gwanance a filin makarantar Sandamu zai bi har mai koyar da 'yan wasan jiha ya gan shi? In ba a shirya hanyar ba, sai dai wanda ya san wani.

A da makaranta ce hanyar. A shekarun 1960 'yan makarantun sakandare na Nijeriya, waɗanda a ke kira Academicals, sun cika filaye kamar manya, daga cikinsu kuma ƙasa ta sami 'yan wasanta. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na yara sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, na 2013 kuwa ɗan Arewa ne ya jagorance su, Manu Garba. A Kano ana yin Kofin Ramat na matasa shekara da shekaru. Ahmed Musa yana saurayi ƙarami ya fi kowa jefa ƙwallo a lig ta 2010 a rigar Kano Pillars, daga nan ya wuce Turai. Yaran ƙasar Daura ba su fi na Jos ko na Kano gajeren ƙafa ba.

Abin da na ke roƙon shugabannin makarantu da sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomin nan biyar shi ne a tsai da gasa guda ta makarantu wadda ba ta jiran zuwan wani babban baƙo ko kakar zaɓe. Kowace ƙaramar hukuma ta fitar da zakaranta na firamare da na sakandare, biyar ɗin su haɗu a Daura, a nemi albarkar Mai Martaba Sarki a kan kofin, a kuma rubuta wa shugabannin Katsina United tun da wuri su aiko da mai koyarwa ya zauna ya kalla. In sun kawo ƙungiyar kanta ta yi wasan sada zumunci a Daura lokacin hutun lig, ya fi kyau. Manyan makarantun da ke garin yanzu, Kwalejin Yusuf Bala Usman da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, suna da filaye da malaman motsa jiki waɗanda za su iya ba da alƙalan wasa.

Ku akawuna kuma kada ku ce wannan ba ruwanku. Babbar cutar ƙwallon yara a ƙasar nan ita ce rage shekaru, a kawo mai gemu a ce ɗan sha biyar ne, ya danne yaron gaskiya, bayan shekara uku kuma ƙarfinsa ya ƙare. Abin ya kai tun 2009, shekarar da aka yi gasar yara ta duniya a Nijeriya har Kano ta karɓi baƙi, hukumar FIFA ta shiga ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. Mu ba mu da wannan na'ura a Mai'aduwa, amma muna da abin da ya fi ta araha, watau rajistar haihuwa da rajistar shiga makaranta, in an rubuta su da gaskiya an kuma hana a kankare. Kada a bar yaro ya shiga gasar sai hedimasta ya sa hannu cewa ɗan ajinsa ne, yana zuwa makaranta, ga ranar da aka rubuta shi. Wannan sharaɗi zai yi wa yaron kansa amfani, domin ɗan wasa in ya kai shekara 35 yawanci ƙafa ta gama aiki, wani ma tun yana ashirin da 'yan kai gwiwa ta ke tsai da shi, daga nan kuma sai abin da ya karanta ko sana'ar da ya koya.

A kuma ajiye littafi guda a ofishin ilmi na Daura, a riƙa rubuta sunayen makarantun da suka kara, da ranar, da yawan ci, da sunayen yaran da suka yi wasa, kowace shekara a ɗora. Lokacin da ya fi dacewa shi ne zangon farko na karatu, daga Oktoba zuwa farkon Disamba, an gama aikin gona, ƙasa ta bushe, zafi ya sauka, jarrabawa kuma ba ta matso ba. Kayan da kowace makaranta za ta nema ba su wuce ƙwallo biyu, da usur, da farar ƙasa ta shata fili, da kuɗin motar da za ta kai yara garin maƙwabta ta komo da su kafin magariba ba.